Zango na Tara

Ƙarfe huɗu, in motar San Pedro ta wuce
inuwar mangwaro ta taɓo bakin shagona,
sai su ɓullo ɗaya bayan ɗaya:
Fulgencio da sandarsa, Nemesio da tarinsa,
Teodulo can baya yana jan ƙafa kamar wanda ake bi bashi.
Gahawa kofi uku, baƙa wuluk, sukari har ya yi yawa.
Ba sa gaisawa. Musun besbol ne gaisuwarsu.

"Casimiro Bahago!" in ji Fulgencio, ya daki tebur,
'ya'yan domino suka yi tsalle.
"Jifarsa takan taho tiryan-tiryan,
sai ta iso hancinka ta tuna ta yi mantuwa, ta karkace.
Na ga ƙato ya kai wa iska duka uku,
ya koma benci yana duba kulkinsa ko ya huje."

Nemesio ya tofar da tuƙar rake.
"Wayo ne wannan, ba ƙarfi ba. Ina ka bar Evaristo?
Mai cafe masa yankan nama yake cusawa cikin safar hannu,
amma har ya mutu yatsunsa ba su miƙe ba."

Daga nan sai cinikin. Kullum sai cinikin.
Shekara arba'in da ɗaya, gyambon bai yi ɓawo ba:
yadda manajan kamfanin sukari ya miƙa Bahago ga 'yan Layin Dogo,
ya karɓo yara biyu da tsohuwar bas marar birki.
"Bas!" in ji Fulgencio. "An sayar da hannu an sayo taya."
"Kafaɗarsa ta riga ta gaji," in ji Nemesio.
"Wanda ya ƙi sayar da akuya tana tafiya, fata zai kai kasuwa."
Teodulo, da ya tuƙa bas ɗin shekara goma sha biyu,
ya ce a hankali, "Ai ta kai mu ko'ina."
Ba wanda ya tanka masa.

Sai wasan ƙarshe, ranar da Bahago ya dawo Santa Elodia
sanye da rigar abokan hamayya,
ya hau tudun da ƙafarsa ta haddace tun yana yaro,
Evaristo namu yana jiransa.
Zango takwas ba wanda ya taka gida.
Mun ci ɗaya mai ban haushi. Wannan kowa ya yarda.
Yadda aka ci ne ya rabu uku:
Fulgencio ya rantse alƙalin wasa ya runtse ido,
Nemesio ya ce ƙwallo ta haure katanga ta faɗa gonar rake,
Teodulo ruwan sama yake tunawa,
su biyun suka ce ko yayyafi ba a yi ba.

Ni Herminia, ina goge kanta, ina jin su.
Ƙarƙashin aljihun kuɗi akwai littafin babana,
wanda ya riƙe lissafin wasannin garin nan shekara ashirin,
kowace jifa da ɗigonta,
da guntun fensir da yake jiƙawa da harshe.
Sun san littafin yana nan.
Ba su taɓa cewa in ɗauko ba.

Na buɗe shi daren da muka binne Baba.
Zango takwas, rubutu tsaf kamar jerin tururuwa.
Na tara: layi guda ya faro, ya zame har gefen takarda,
sai fari fat.
Mutumin da ko ƙishirwa ba ta ɗaga shi daga kujera,
ranar ya miƙe tsaye.
Mama ta ce bai dawo gida da fensirin ba.

Rana ta faɗa bayan bututun da ya daina hayaƙi.
A titi yara na dukan murfin kwalba da kotar tsintsiya.
Fulgencio ya tsaya tsakiyar magana, baki buɗe.
"Wancan siririn, mai jifa da hagu, ɗan wa ne?"
Nemesio ya kalla, ya daɗe yana kallo.
"Ba ƙarfi," ya ce, amma bai ɗauke ido ba.

Sun tafi ba su biya ba.
Na ɗauko nawa littafin, na bashi,
na lashi fensir, na sa ɗigo uku.